Daidaita Jimlar Sinadarai: Misali daga Dutsen Malbaza

1. Gabatarwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar mota daga Birnin Ƙonni ya nufi gabas wajen Maraɗi, ba zai yi nisa ba sai ya hango masana'antar siminti ta Malbaza. Tun cikin shekarun 1960 ake fasa dutse a nan ana ƙona shi, da farko a hannun kamfanin SNC, daga baya kuma aka gina sabuwar masana'anta wadda ta fi ta farko girma nesa ba kusa ba. Akwai wani abu da duk ma'aikacin tanderun siminti ya sani, ko da bai taɓa zama a aji ba, shi ne abin da ake ɗura wa tanderu ya fi abin da ake kwasa daga cikinsa nauyi. Sai an zuba wajen tan ɗaya da rabi na garin dutse da yumɓu kafin a sami tan ɗaya na ƙonannen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti. Ba sata aka yi ba, ba kuma zubewa ya yi a hanya ba. To, ina rabin tan ɗin ya shiga?

Amsar wannan tambaya tana cikin wani darasi na kemistiri da ake koya wa ɗaliban makarantun sakandare a Ƙonni da Malbaza da Illela, kamar yadda ake koyar da shi ko'ina a duniya, wato daidaita jimlar sinadarai. Sai dai yara da yawa sukan ɗauke shi tamkar cacar lambobi: a sa 2 a nan, a sa 3 a can, har malam ya ce ya yi. Da an fita jarrabawa kuwa sai su watsar. A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nuna cewa darasin nan lissafin kaya ne irin wanda kowane ɗan kasuwa yake yi in ya rufe rumfa, abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma za mu yi haka ne da abubuwan da ke gaban idon mutanen jihar Tawa.

2. Kalmomin aiki

Kafin mu shiga tanderu, dole ne mu tsai da shawara a kan wasu kalmomi.

Layin nan na haruffa da lambobi mai kibiya a tsaka, mun zaɓi mu kira shi jimlar sinadarai. Ana iya cewa lissafin sinadarai, amma wannan ya ɗauki rabin ma'anar ne ya bar rabi. Kalmar jimla, wadda Hausa ta aro daga Larabci, tana da fuska biyu. Ga manazarcin nahawu, jimla ita ce magana cikakkiya mai ba da labari. Ga mai lissafi kuwa, jimla ita ce abin da aka samu in an tara. Layin da muke magana a kansa ya haɗa biyun. Yana ba da labarin abin da ya auku, cewa kaza da kaza sun gamu sun zama kaza, kuma in aka tara hannun dama aka tara hannun hagu dole su zo ɗaya. Da wuya a sami kalmar da ta dace da aikinta kamar wannan.

Sinadarin asali shi ne abin da ƙonawa ko narkarwa ko jiƙawa ba sa iya raba shi ya koma wasu abubuwa dabam. Waɗanda aka sani a yau 118 ne. Kaɗan daga cikinsu suna da sunan Hausa tun da, kamar ƙarfe da zinariya da azurfa da dalma da farar wuta. Sauran sai aro: oksijin, haidirojin, naitirojin, kabon, kalsiyam, silikon. Ba mu ga abin kunya a nan ba, don kuwa Faransanci ma daga Girkanci ya ƙera sunan oksijin da na haidirojin a ƙarshen ƙarni na 18.

Mafi ƙanƙantar yanki na sinadarin asali shi ne ƙwayar zarra. In ƙwayoyi biyu ko fiye suka haɗu suka ɗaure, za mu kira su ƙulli, kamar ƙullin gishiri ko na yaji da ake sayarwa a kasuwa ba a kwance ba. Ƙullin ruwa, alal misali, ƙwayar haidirojin biyu ce da ta oksijin ɗaya, shi ya sa ake rubuta shi H₂O. A cikin dutse da gishiri ƙwayoyin ba ƙulli-ƙulli suke ba, a jere suke kamar tubalin gini, amma wajen ƙidaya hukuncinsu ɗaya ne, saboda haka ba za mu tsaya bambanta su ba. Shi kuwa wannan tsari na wakiltar kowane sinadari da harafi ɗaya ko biyu, wani masani ne mutumin Suwidin, Berzelius, ya fito da shi wajen shekarar 1813, kuma har yau shi ake bi a kowane harshe.

Abu na ƙarshe shi ne nauyi. Ƙwayoyin zarra ba nauyinsu ɗaya ba. In aka ɗauki ta haidirojin a matsayin 1, to ta kabon 12 ce, ta naitirojin 14, ta oksijin 16, ta silikon 28, ta kalsiyam 40, ta ƙarfe 56. Mun zubar da ƴan guntayen da ke bayan waɗannan lambobi don sauƙin lissafi.

3. Inda rabin tan ya shiga

Dutsen da ake haƙa a Malbaza farin dutse ne wanda ya kwanta a ƙarƙashin teku fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, lokacin da ruwa ya rufe wannan yanki na Adar. Har yanzu akan tsinci ɓawon halittun teku a cikinsa. Irinsa ne ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, inda ita ma take da masana'antar siminti tun shekarun 1960. Mafi yawan jikinsa sinadari ɗaya ne, CaCO₃, wato ƙwayar kalsiyam ɗaya, ta kabon ɗaya, ta oksijin uku. In zafi ya kai wajen digiri 900 a ma'aunin Salsiyas, sai ya rabu biyu:

(1) CaCO₃ → CaO + CO₂

Ga yadda za a karanta ta da Hausa: farin dutse ya zama ƙonanniyar farar ƙasa da iskar kabon. Kibiyar nan ita ce aikatau na jimlar, ma'anarta “ya zama”. Abin da ke hagunta shi ne abin da aka zuba, abin da ke damanta shi ne abin da aka samu.

Yanzu sai ƙidaya. Kalsiyam: ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Kabon: ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Oksijin: uku a hagu, a dama ɗaya a cikin CaO, biyu a cikin CO₂, uku ke nan. Wannan jimla a daidaice ta zo, ba ta bukatar gyara. Amma a dubi abin da take faɗi in aka sa nauyi. CaCO₃ shi ne 40 da 12 da 48, jimla 100. CaO shi ne 40 da 16, wato 56. CO₂ kuwa 12 da 32, wato 44. Ashe duk kilo 100 na tsantsar dutsen nan da aka ƙona, kilo 56 ne yake saura a ƙasa, kilo 44 ya bi iska.

Ƙonannen dutsen da ke fitowa daga tanderu dunƙule-dunƙule, wanda ake kira kilinka, yakan ƙunshi CaO wajen kashi 65 cikin 100. Ke nan a tan ɗaya akwai kilo 650. In kilo 56 yana bukatar kilo 100 na dutse, to kilo 650 zai bukaci wajen kilo 1,160, wanda kuma zai saki wajen kilo 510 na CO₂. Ga rabin tan ɗinmu nan ya fito, ya bi ta bututun hayaƙi ba wanda ya gan shi, don iskar ba ta da launi. Ya kamata a lura cewa wannan bai haɗa da iskar da makamashin hura tanderun yake fitarwa ba. Kuma kome kyan injin da aka sayo, ba zai rage wannan kilo 510 ba muddin daga farin dutse ake samun CaO, domin a jikin dutsen take. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa masana'antun siminti na duniya suke fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na dukan CO₂ da ayyukan ɗan Adam suke zubawa a sararin sama.

Abin sha'awa shi ne, a kan irin wannan dutse ne aka fara gano al'amarin. Wani likita a ƙasar Sikotilan, Joseph Black, ya auna alli kafin ya ƙona shi, ya sake auna shi bayan ya ƙona, ya tarar ya rage fiye da kashi 40 cikin 100. A rahoton da ya buga a 1756 ya nuna cewa wata iska ce da ke ɗaure a cikin dutsen ta fita, kuma ana iya mayar da ita dutsen ya komo da nauyinsa. Bayansa Lavoisier na Faransa ya riƙa yin gwaje-gwajensa a cikin rufaffen mazubi, yadda ko iska ba ta tsere wa ma'auni. A littafinsa na 1789 ya kafa ƙa'idar cewa a kowane irin sauyi na sinadarai, nauyin abin da aka fara da shi daidai yake da nauyin abin da aka ƙare da shi. Sai a 1808 John Dalton na Ingila ya kawo dalili: ƙwayoyin zarra ba sa mutuwa, ba a kuma haifar sababbi a wurin irin wannan sauyi, abokan zama kawai suke sakewa. Duk wata dabara ta daidaita jimla daga nan ta samo tushe.

Maganar Black ta mayar da iska cikin dutse kuwa, duk mai shafen farar ƙasa yana aikata ta bai sani ba. In aka zuba wa ƙonanniyar farar ƙasa ruwa sai ta yi zafi har ta tafasa, sa'an nan in aka shafa ta a bango ta sha iska sai ta taurare:

(2) CaO + H₂O → Ca(OH)₂

(3) Ca(OH)₂ + CO₂ → CaCO₃ + H₂O

A (2), 56 da 18 sun ba da 74. A (3), 74 da 44 sun ba da 100 da 18. Dutse ya koma dutse, a jikin bango. Lambar 2 da ke gindin baka a Ca(OH)₂ tana hawa kan duk abin da ke cikin bakan, wato oksijin biyu da haidirojin biyu. Nan ne wuri na farko da ɗalibai suke tuntuɓe.

4. Lambar gindi da lambar gaba

Jimlolin da muka gani zuwa yanzu duk a daidaice suka zo. Yawanci ba haka abin yake ba. A ɗauki gawayi, wanda kusan dukansa kabon ne. In ya sami iska isasshiya, ga abin da ke faruwa:

(4) C + O₂ → CO₂

In kuwa iska ta yi ƙaranci, wani abu dabam yake fitarwa, CO, mai ƙwayar oksijin ɗaya tak. In muka rubuta shi kai tsaye za mu sami:

(5) C + O₂ → CO

Wannan jimla gurguwa ce. Oksijin biyu ne a hagu, ɗaya a dama. Ƙwaya ɗaya ta ɓace, alhali mun ce ba ta ɓacewa. Na sha ganin takardun ɗalibai inda yaro ya ga wannan giɓi, sai kawai ya ɗosa ƙaramar 2 a gindin O na dama, CO ya koma CO₂, ya ce ya daidaita. Lissafinsa ya fita, amma labarin ya sake, don ya koma jimla ta (4) ne bai sani ba.

A nan ne mai nazarin harshe zai fi kowa saurin fahimta. Lambobi iri biyu ne a jimlar sinadarai. Akwai ƙaramar da ke gindin harafi, wadda za mu kira lambar gindi, akwai kuma babbar da ke gaban ƙulli duka, lambar gaba. Lambar gindi tana cikin ƙirar kalmar ne, kamar lanƙwasar da ke kan ƙ. Wanda ya cire lanƙwasa daga baƙi ya mai da shi baki, ko ya ɗora ta a kan kafa ta koma ƙafa, wata kalma ya rubuta dabam. Haka CO da CO₂, haka kuma H₂O da H₂O₂: na farko ruwan sha ne, na biyu ruwan wanke miki ne mai kumfa, wanda ba mai hankalin da zai kurɓa. Lambar gaba kuwa ƙidaya ce kurum, kamar a ce akuya biyu ko akuya uku. Akuyar ba ta sake ba. Saboda haka doka ta farko, wadda ba ta da togiya, ita ce: mai daidaita jimla lambar gaba kaɗai yake da ikon taɓawa.

Mu koma kan (5). Tun da oksijin bibbiyu yake zuwa, sai mu nemi CO biyu a dama. Yin haka ya sa kabon ya zama biyu a dama, sai mu ƙara shi a hagu:

(6) 2C + O₂ → 2CO

A gwada (4) da (6). A ta farko ƙullin oksijin ɗaya ya ci ƙwayar kabon ɗaya. A ta biyu ƙullin oksijin ɗaya aka raba wa ƙwayar kabon biyu. Wato gawayi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Wannan shi ne halin ɗakin da aka rufe ƙofa da taga aka shigar da kaskon wuta a daren hunturu. CO ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama jini ya hana shi ɗaukar oksijin, har mai barci ya wuce bai farka ba. Bambancin da ke tsakanin jin ɗumi da rasa rai, a rubuce, bai wuce wannan ƙaramar lamba ta gindi ba.

5. Komawa tanderu

Ƙona dutse ya zama CaO rabin aiki ne. A can ƙarshen tanderu, inda zafi yake kaiwa wajen digiri 1,450, CaO yana haɗuwa da SiO₂, sinadarin da ke cikin yashi da yumɓu, su ba da Ca₃SiO₅, wanda shi ne ƙashin bayan siminti irin na zamani. In aka rubuta daga ɗanyen dutse:

(7) CaCO₃ + SiO₂ → Ca₃SiO₅ + CO₂

Ta ina za a fara? Shawarar da ta fi amfani ita ce a fara da ƙullin da ya fi kowanne cunkoso, a bi sinadaran da suka fito sau ɗaya a kowane hannu, a bar oksijin sai ƙarshe, don shi kusan ko'ina yana nan. Ca₃SiO₅ yana da kalsiyam uku, saboda haka sai CaCO₃ uku. Wannan ya kawo kabon uku, saboda haka sai CO₂ uku. Silikon ɗaya ne a kowane hannu, ba ruwanmu da shi.

(8) 3CaCO₃ + SiO₂ → Ca₃SiO₅ + 3CO₂

Oksijin da muka bari shi zai zama shaidarmu: tara da biyu a hagu, 11, biyar da shida a dama, 11. Nauyi kuma 300 da 60 a hagu, 228 da 132 a dama, kowane hannu 360. Daga nan ake ganin dalilin da ya sa ake kafa masana'antar siminti a gindin dutse, ba a bakin kasuwa ba. Kashi biyar na dutse ne ga kashi ɗaya na SiO₂, kuma fiye da sulusin kayan zai bi iska. Wauta ce a biya kuɗin mota a kai shi Yamai kafin ya tashi.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa a nan: daidaituwar jimla ba ta nuna cewa abin zai faru, balle ta faɗi yaushe. Jimla ta (1) daidai take tun ran da dutsen ya kwanta, amma ya yi shekara miliyoyi a Malbaza bai saki iskarsa ba sai da aka hura masa wuta. Kamar dai jimlar da nahawunta ya cika ce, wadda sai an bincika kafin a san ko gaskiya ta faɗa.

6. Tukunyar gas, tama da taki

Misalai uku za su isa su nuna sauran dabarun. Na farko gas ɗin girki, wanda ya yawaita a garuruwanmu tun bayan da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011. Mu ɗauka tsantsar C₄H₁₀ ne a cikin tukunyar, ko da yake akan gauraya shi da ɗan'uwansa C₃H₈. In ya ci wuta sosai yana ba da CO₂ da ruwa. Kabon huɗu yana neman CO₂ huɗu. Haidirojin goma yana neman H₂O biyar. Oksijin a dama ya zama takwas da biyar, 13. To, ga matsala: oksijin bibbiyu yake zuwa, 13 kuwa mara ce, sai dai a ce ƙulli shida da rabi. Mai awon hatsi da ba ya son rabin tiya ya san maganin wannan, sai ya ninka awon duka:

(9) 2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Nauyi: 116 da 416 a hagu, 352 da 180 a dama, kowanne 532. Ma'ana, ƙaramar tukunya mai kilo 6 tana cin oksijin fiye da kilo 21 kafin ta ƙare, ta fitar da CO₂ wajen kilo 18 da ruwa wajen kilo 9. Abin da ya fito ya ninka gas ɗin nauyi fiye da sau huɗu, domin mafi yawansa daga iskar ɗakin girki aka ɗebo shi. Mai shakkar cewa wuta tana haifar da ruwa, ya ɗora tukunyar ruwan sanyi a kan gas ya dubi gumin da zai keto a gindinta nan take.

Na biyu tama. Maƙeran Adar sun daɗe suna narkar da ita kafin ƙarfen Turawa ya kashe sana'ar, har Nicole Echard ta ɗauki aikin nasu a fim cikin shekarun 1960. In aka ɗauki tama a matsayin Fe₂O₃, aikin tanderu shi ne ƙwace mata oksijin, mai ƙwacen kuwa shi ne CO ɗin nan na jimla ta (6), wanda yake kisa a ɗaki. A nan bin sinadari ɗaya-ɗaya yakan rikita ɗalibi, don oksijin yana wuri uku. Gara a yi tunanin abin da ke faruwa: kowane CO oksijin ɗaya yake iya ɗauka ya zama CO₂, tama kuwa tana da uku, saboda haka ma'aikata uku ake bukata.

(10) Fe₂O₃ + 3CO → 2Fe + 3CO₂

Daga 160 na tama, 112 ne ƙarfe, wato kashi 70 cikin 100. Wannan iyaka ce da ba a wucewa. Maƙeri bai taɓa kusantarta ba, domin tamarsa gauraye take da ƙasa, kuma ƙarfe mai yawa yakan bi kashin maƙera ya tafi.

Na uku ya shafi masu noman albasa a Galmi da masu noman rani a fadamun Ƙonni da na Badagishiri a gundumar Illela. Farin takin nan yuriya shi ne CO(NH₂)₂, nauyinsa 60, naitirojin a ciki 28. In aka raba za a sami kashi 46 da ɗoriya cikin 100, ita ce lambar 46 da ake bugawa a jikin buhu. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na abin da shuka take nema. Da ya taɓa ƙasa mai laima sai ya fara rushewa:

(11) CO(NH₂)₂ + H₂O → 2NH₃ + CO₂

Duk naitirojin da manomi ya biya kuɗinsa yana cikin 2NH₃ ɗin nan, NH₃ kuwa iska ce, ita ce mai warin nan da ke hawa kai a makewayi. In takin yana cikin ƙasa, sai ƙasa ta riƙe ta har saiwa ta sha. In kuwa an watsa shi a fili an bar shi a rana, musamman a ƙasa mai farin dutse irin ta wurare da yawa a Adar, wani kashi nasa zai bi hanyar da rabin tan ɗin Malbaza ya bi. Shi ya sa malaman gona suke cewa a binne shi, ko a bi shi da ban ruwa nan da nan.

7. Shin siminti bushewa yake yi?

Bayan kilinka ta huce akan niƙa ta tare da ɗan jifsam, wajen kashi 3 zuwa 5 cikin 100, don kada simintin ya kama tun yana kan shebur. Shi ma jifsam ana samunsa a jihar Tawa. Daga nan sai buhu, sai hannun magini.

A bakin mutane akan ji an ce a bar siminti ya bushe. Wannan kalma daga ginin ƙasa aka ɗauko ta, inda take daidai: tubalin laka ruwa ne yake fita daga cikinsa ya yi ƙarfi, in kuma ruwa ya komo sai ya narke. Ga abin da jimlar siminti take cewa:

(12) 2Ca₃SiO₅ + 7H₂O → 3CaO·2SiO₂·4H₂O + 3Ca(OH)₂

Dole mu yi gargaɗi cewa wannan jimla kimantawa ce, domin abu na farko da ke dama ba shi da tsayayyen awo, ruwan da ke cikinsa yakan ɗan ƙaru ko ya ragu. Amma a yadda aka rubuta ta a daidaice take, mai karatu yana iya gwadawa: kalsiyam shida, silikon biyu, haidirojin 14, oksijin 17 a kowane hannu. Abin dubawa shi ne inda ruwa ya tsaya. Yana hagun kibiya, cikin kayan da aka zuba, kuma babu ko ƙulli ɗaya nasa da ya fita a dama a sake. Ruwan ya shige jikin simintin ya zama dutse tare da shi. Nauyi 456 na Ca₃SiO₅ yana shan 126 na ruwa, kusan rubu'i ke nan da ɗan ɗori. Buhu mai kilo 50 yakan riƙe wajen lita 12 har abada. Don haka ne siminti yake iya taurarewa ko a ƙarƙashin ruwa. Magina da suke cewa ya kama sun fi masu cewa ya bushe kusa da gaskiya.

Bambancin kalmomin nan biyu yana da farashi. Wanda ya yarda cewa bushewa ake nema, zai buga bulo ya shanya shi a ranar bazara ta Ƙonni, ya yi murna ya ga ya yi fari fat cikin yini ɗaya. Alhali rana ta kwashe ruwan ne tun jimla ta (12) ba ta kai rabi ba, sauran simintin da ya saya yana nan a ciki gari, bai yi aikin kome ba. Irin wannan bulo ne ake murje gefensa da yatsa. Haɗuwar siminti da ruwa a hankali take tafiya, shi ya sa ƙa'idar gini ta ce a riƙa ba sabon aiki ruwa, a rufe shi da buhu ko tabarma, aƙalla kwana bakwai, ƙarfin da ake rubutawa a jikin buhu kuwa sai a kwana na 28 ake auna shi.